Kakan Goge a Hannun Bahago

Ni dai ban taɓa kaɗa komai ba a duniya in ba turmi ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Mahaifiyata sarin tukwane take yi a hannun matan Gbagyi a kasuwar Kuta. Tun ban kai tsayin randa ba take zaunar da ni gaban tulin tukwane ta ce, “Ƙwanƙwasa mu ji.” Tukunya mai lafiya, in kin buga ta da gaɓar yatsa, sai ta amsa da doguwar murya kamar tana yi wa hannunki rakiya. Mai tsaga kuwa, ko tsagar ba ta fi silin gashi ba, ko an shafe ta da jar ƙasa an ɓoye, sai ta ce kwaf ta yi shiru. Da wannan ilimin, da ɗan abin da na samu a makarantar allo, aka kawo ni gidan miji a Minna, unguwar Ƙetaren Gwari.

Maigidana tela ne, kekensa na zaure. Aikin reluwe ne ya kawo mahaifinsa garin, ya rasu ya bar masa gidan da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ni ma haka nake kiranta. Kuma bahago ne. Ba za ka gane ba in yana cin abinci ko yana gaisawa da mutane, domin Inna ta yi aiki a kansa tun yana yaro. In an zo cin tuwo sai ta naɗe masa hannun hagu da tsumma ta ɗaure a ƙugunsa, har na dama ya koyi hanyar baki. Amma a miƙa masa allura, ko a jefo masa lemo ba zato, sai na hagun ya riga fita. Almakashinsa ma ba don irinsa aka ƙera ba, har ya yi masa kanta a gindin babban yatsa.

Ban da ɗinki yana da wata sana’ar da Inna ba ta son a ambata a gabanta. Yana kaɗa bas a wata ƙungiyar makaɗan hailaif masu wasa a kulob da wuraren biki. Wanda bai san bas ba, ya ƙaddara goge ne ya samu ci da sha har ya fi mutum tsayi. Katako ne mai faɗin ƙugu da dogon wuya, tsirkiyarsa huɗu, yana tsaye kan ƙafa ɗaya ta ƙarfe, mai kaɗawa ya rungume shi a tsaye yana fizgar tsirkiya da yatsu. Mutanen unguwa kakan goge suke ce masa.

Wanda yake kaɗawa a lokacin ba nasa ba ne. Na shugaban ƙungiyar ne, wani dattijo mutumin Gana, shi ya koya masa kuma yadda kowa ke yi: hagu a wuya yana danna tsirkiya, dama a ƙasa yana fizga. Duk Asabar bayan la’asar a zaurenmu suke gwaji. Inna sai ta ɗauki mayafi ta tafi gaisuwar da ba ta da dalili. Ni kuwa ba mai fita ba ce, in ba dole ba ko ƙofar gida ba na leƙawa, daga madafa nake jin su. Ƙaho da jita da ganga a kunne suke shiga. Shi bas a tafin ƙafa ake fara jinsa, ya hau ya zauna a ciki. In aka taɓa babbar tsirkiyar nan, ruwan randata har rawa yake yi.

Wata Asabar bayan sun watse na kai masa abinci, na zauna nesa kaɗan.

“Malam, in faɗi wata magana?”

“In na ce a’a za ki fasa?”

“Kiɗanka yana ɗingishi.”

Ya mai da lomar cikin kwano. “Ɗingishi kuma? Ke da ko wurin wasan ba ki taɓa gani ba?”

“Ba sai na gani ba. Mai ganga ya taka, kai sai ka biyo shi a baya kaɗan, kamar mai ƙaya a ƙafa. Amma in kana jiran shayi kana buga teburin keke da yatsun hagu, wallahi ko agogo albarka.”

Ranar bai cinye abincin ba. Na yi ta zargin bakina, don na san bakin nan nawa tsawo gare shi. Sai washegari yana gyara zaren keke, bai ko ɗago ba, ya ce, “’Yar mai tukwane, kin jiyo abin da nake ɓoyewa. Hannun daman nan ɗan aike ne, sai na faɗa masa sannan ya je. Na hagu kuwa kafin in yi magana ya je ya dawo.”

“To ka ba na hagun aikin mana.”

“Kayan mutane ne. Tsohon nan in na taɓa masa tsirkiya sai ya tsine mini da yarensu.”

Shekarar da aka mai da Minna babban birnin jiha, garin ya cika da baƙin ma’aikata, biki ya yawaita, makaɗa suka samu kasuwa. A daidai lokacin ne dattijon ya ce ya gaji, zai koma gida, ya tafi da bas ɗinsa. Mai busa ƙaho ya zama shugaba, ya ce wa maigidana ya nemo nasa, in ba haka ba za su nemi wani. Sabon bas sai a Ikko, kuɗinsa kuwa maigidana ya ce ko an sayar da keken ɗinki da ni a kai ba zai kai ba. Na ce ai da ya fara sa ni a ciniki da ya ga canji. Ya yi ta yawo yana tambaya, har ya gano tsofaffi guda biyu da aljihunsa zai iya ɗauka. Ɗaya a wajen wani mai otal da ya daina ajiye makaɗa, ɗaya kuma a sito na wata tsohuwar makaranta. Ya roƙi masu su aka ɗoro su a amalanke aka kawo zaure, za su wuni a mai da wanda ba a so.

Ya leƙo cikin gida ya ce, “Wanke hannu ki zo. Ke za ki zaɓa.”

Na farkon ja ne, yana sheƙi, har kana ganin fuskarka a jikinsa. Na biyun kuwa abin tausayi. Fentinsa ya koɗe, ɓera ya ɗan ci kafaɗarsa, zanzaro ya yi gida a cikinsa, sai warin sito yake yi. Inna ta zo wucewa ta tsaya ta dube su.

“La’ilaha illallahu. Makara biyu aka jingina mini a zaure? Wa ya mutu?”

“Ba kowa, Inna. Kaya ne.”

“Kayan da za su kashe ni dai.”

Na durƙusa na fara da jan. Na ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya amsa ba laifi. Na zaga baya, can ƙasa wajen ƙugu, sai ya ce kwaf. Na sake bugawa, ya sake faɗa. An shafe tsagar da fenti, irin yadda ake yi wa tukunya da jar ƙasa. Na koma kan mummunan. Ko’ina na taɓa sai ya amsa da murya doguwa mai kauri, kamar randar da ta daɗe tana cin ruwa. Sai dai na ji wani abu da ban gane ba. Tukunya duk inda ka buga muryarta ɗaya ce. Shi wannan, gefe ɗaya na ƙirjinsa yana amsawa a sake, ɗaya gefen kuma a ɗaure. Na gaya wa maigidana. Ya ce tsufa ne, shi ma gwiwarsa ɗaya ta fi ɗaya ƙara. Muka yi dariya, muka ɗauki mummunan, wanda dama shi ya fi araha.

A makon nan ya yi abin da ya daɗe yana mafarki. Ya taɓa ganin wani bahago mai jita ya juya tsirkiyoyinsa, babbar ta koma inda ƙaramar take, shi ke nan ya kaɗa abinsa. Shi ma haka ya yi. Ya kwance duka huɗun, ya juya jaki, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa kansa a tsakiyar ƙirji, ya ɗaura su a juye. Ya zaga ya tsaya a ɗaya gefen, dama a wuya, hagu a ƙasa.

Ina tankaɗe na ji ya fara. Ɗingishin nan babu shi, ko alamarsa. Na tashi da rariya a hannu ina taka rawa ni kaɗai a madafa, gari na zuba a ƙafata. Sai da na zauna na lura ruwan randa bai motsa ba. Hannun ya samu hanya, muryar ce ta shaƙe, kamar mai mura. Na faɗa masa da daddaɗan lafazi. Ya ce tsirkiyoyin ne tsofaffi, za su saba. Ni ma na so in yarda, domin ban taɓa ganinsa da fara’a irin ta kwanakin nan ba. Har waƙa yake yi a kan keke.

Da damina ta kankama sai wata ’yar ƙara ta shigo cikin kiɗan, zizz, zizz, kamar ƙuda a kwalba. Wata safiya ya tafi sayen zare, na shiga zaure na ƙwanƙwasa ƙirjin kusa da ƙafar jaki. Ya ce mini kwaf. Na kawo fuskata kusa, sai ga tsaga siririya tana bin tsawon katakon, wadda ba ta nan ranar da na zaɓe shi.

Akwai wani kafinta a Kpakungu, mutumin Gbagyi, mai yin bencin coci da gyaran ganguna da jita. Abokin wasan maigidana ne, kullum suna tsokanar juna a kan wa ya fi wani cin doya. Aka kira shi. Ya sa aka fito da bas tsakar gida inda rana take, aka kwantar a tabarma. Ya zaga shi, ya shinshina, ya leƙa ta tsagogin nan biyu masu lanƙwasa da ke ƙirjinsa, bai ga komai ba.

“Mama, kana da madubi? Ƙarami.”

Na kawo masa wani ɓallin madubi da nake sa kwalli da shi. Ya ɗaura a bakin waya ya zura ciki, ya yi ta juyawa har hasken rana ya shiga. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Tela, zo ka ga abin da ka yi. Mama, kai ma zo.”

Muka leƙa bi da bi. A cikin ƙirjin, ta gefe ɗaya, akwai wani dogon katako manne daga sama har ƙasa kamar azarar ɗaki. Ta ɗaya gefen kuma ɗan ginshiƙi ne tsaye, siriri, ya tokare gaba da baya. Abin da kunnena ya ji ke nan ranar zaɓe, ban san sunansa ba.

Kafinta ya ce, “Wannan abu naka, har cikinsa na hannun dama ne. Azara yana nan don babban waya ya zauna a kai. Kai ka ɗauke babban kaya ka ɗora inda babu azara. Jita ba ruwansa, ka juya shi yadda ka so. Wannan ba jita ba ne.”

Maigidana ya sake leƙa cikin ƙirjin. Can ya ce, “To yanzu fa?”

“Tsaga zan iya sa masa gam, ƙarami ne. Amma in waya ya zauna haka, zai ƙara. Hanya biyu. Ka mai da waya yadda yake, ka kaɗa da dama kamar mutane.”

“Kamar mutane. Na gode.”

“Ko kuma in buɗe ƙirji, in ɓamɓare azara in kai wancan gefe, ginshiƙi ya dawo nan.”

“Za ka iya?”

Kafinta ya shafa katakon da tafin hannu. “Buɗewa zan iya. Rufewa ne ban yi alkawari ba. Ya tsufa, wani wuri kamar ɓawon ƙwai.”

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Mai ƙaho yana aiko da tambaya, domin bukukuwan bayan damina sun matso. Maigidana ya zauna a keke jikinsa kawai, har ya ɗinke wa wani ma’aikaci bakin hannun riga, mutumin ya zo gwaji hannunsa ya ƙi fita. In ya koma dama, ɗingishi ya dawo, kuma yanzu ya ɗanɗani tafiya ba ƙaya. In aka buɗe ƙirjin ya ƙi rufuwa, ba mu da abin sayen wani, ko mummuna.

Inna ce ta tsoma baki, ita da ba ta son abin. Muna zaune tsakar gida da hantsi tana tsinke zogale, ya gama yi mini bayani a karo na ban san nawa ba, ta ce, “Kai wannan yaro da wahalar da kai. A buɗe shi mana a mai da shi yadda ake so. Kai ba haka na yi maka ba? Ga ka nan, ka mutu?”

“Ban mutu ba, Inna.”

“To. Da ban ɗaure ba da yanzu da hagu kake cin tuwo a gidan surukai, su ce ɗan wa.”

Ya yi murmushi. Da ta shiga ɗaki ya dubi hannunsa, ya ce mini ƙasa-ƙasa, “Kin san har yau in na yi mafarki ina cin abinci, da hagu nake ci?” Ya tashi ya shiga zaure. Na ji yana kwance tsirkiyoyi. Na bi shi.

“Malam, hannun dama za ka koma?”

“A’a.”

“To buɗewa za a yi?”

“Ba mai tsaga shi. Zan mai da masa kayansa inda ya san su. Ni kuma ina nan gefena, da haguna. Mu gani ko za mu shirya.”

Ban gane nauyin maganar ba sai da kafinta ya sa gam, tsagar ta kama, aka ɗaura tsirkiyoyi yadda suke tun asali, maigidana ya tsaya ta ɗaya gefen. Komai ya juye masa. Babbar tsirkiya da ya kamata ta zo kusa da hannunsa ta koma can nesa, sai ya miƙa ya tsallake ukun kafin ya kai gare ta. Duk abin da yatsunsa suka haddace, in sun je sai su tarar da wata muryar. Mutumin da ya yi shekaru yana kiɗa ya koma kamar ranar farko. Mai ƙaho ya zo ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce za su ɗan riƙa wasa da wani kafin ya shirya. Maigidana ya raka shi ƙofa da fara’a, ya dawo ya zauna a kan buhun yadi ya daɗe.

Daga nan kullum bayan la’asar sai ya rufe keke ya rungumi abinsa. Maƙwabta suka sha wahala. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, “Maman yara, sa ne kuka ɗaure a zaure ba ku ba shi ruwa?” Ba mai ganga, ba kowa, shi kaɗai yana lalube. Wata rana ina daka na ji yana ƙoƙarin bin taɓaryata. Sai na daidaita hannu, na riƙa sauke ta a kan lokaci, ba sauri ba jinkiri. Ba mu taɓa yin shawarar ba. Haka kawai na mai da dakana la’asar, ko da safe ya kamata in yi. In ya taɓa inda ba nan ba, sai in ɗaga murya daga madafa in ce, “Kwaf!”

Shi kuma ya amsa, “Na ji, ’yar mai tukwane, ba kurma ba ne!”

Wani lokaci ba abin dakawa, sai in zuba dusa a turmi in yi ta bugu. Inna ta kama ni sau ɗaya, ta leƙa turmin, ta dube ni, ta ce, “Allah ya shirye ku, ku biyun,” ta wuce. Yatsunsa na hagu suka fashe suka warke suka yi kanta. Kafaɗarsa ta riƙa ciwo saboda miƙa, ina gasa masa da ruwan zafi da tsumma. Damina ta wuce, bukukuwan da ake ta magana aka yi su ba shi.

Shekara ta zagayo, sabuwar doya ta shigo gari, ranar ina kirɓa sakwara. Ya fara wani kiɗa mai tafiya a hankali da suke yi tun zamanin dattijon. Ina bugu yana bi, ina bugu yana bi, ina jiran inda ya saba tuntuɓe in ce kwaf. Wurin ya zo ya wuce. Ya miƙa ya kamo babbar tsirkiyar, sai na ji ta a tafin ƙafata, ta hau ta zauna a cikina. Na waiga, ruwan randa yana rawa. Kuma ba ɗingishi. Na tsaya da taɓarya a sama, na manta da ita. Shi bai tsaya ba, ya ci gaba shi kaɗai, lokacin yana nan daram kamar ina bugawa. Sakwarar ranar ta yi gudaji, ba wanda ya yi magana.

Ƙungiyar ta mai da shi. Sau ɗaya tak na taɓa ganinsa yana wasa a gaban jama’a, da aka yi bikin ’yar maƙwabcinmu da rana, aka kafa rumfa a layinmu. Ni da Inna muna tsaye a bakin zaure, ita wai iska ta fito sha. Kun san dattawanmu, ba ruwansu da mutum yana tsakiyar aiki, in sun zo sai an gaisa. Suka bi makaɗa suna miƙa hannu. Mai jita ya tsaya ya gaisa, kiɗansa ya yanke. Mai ganga ya saki sanda. Da suka iso kan maigidana, sai ya sauke hannun dama daga wuyan bas, ya rusuna ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali, hagun kuwa yana ƙasa yana ta fizga, kiɗan bai ko numfasa ba. Mutane suka yi shewa. Inna ta gyara mayafi ta ce da ni, ba ta dube ni ba, “Ko ba komai ya bar na kirkin don gaisuwa. Aikina ne wannan.”

Ya yi shekaru yana wasa a haka. Makaɗan da ke zuwa daga wasu garuruwa sukan tsaya su kalli hannunsa, su ce ba su taɓa ganin mai kaɗa bas a juye ba. Daga baya ƙaramin bas na lantarki ya shigo, wanda ake ratayawa a kafaɗa, sai kuma wani akwati mai maɓallai da ke yin muryar kowa shi kaɗai. Masu biki suka ga ba sai sun ciyar da mutum bakwai ba. Kakan goge kuma ga nauyi, sai an nemo amalanke. Aka riƙa kiran maigidana jefi-jefi, har aka daina. An ba shi na lantarkin ya gwada, ya ce abin ba shi da ciki, ba inda mutum zai jingina. Ya dawo zaure. Bai fasa la’asar ɗinsa ba, ni ma ban fasa dakana ba, ko da injin niƙa ya zo bakin layi kowa ya huta. Ni a wurina shekarun nan sun fi na kulob daɗi, don duk kiɗan nawa ne.

Inna ta riga shi tafiya. Shi kuma ya bi ta bayan an shiga shekarun alif ɗari tara da casa’in, ciwon kwana kaɗan, Allah ya jiƙansu. Keken ɗinki na ba ƙaninsa. Bas yana nan a kusurwar zaure, na lulluɓe shi da tsohon zane saboda zanzaro.

Kafinta ya tsufa, amma yakan zo gaishe ni. Shi ya ce mini irin wannan kaya in ba a kaɗa shi kurmancewa yake yi, ya roƙa in riƙa ba mutanen cocinsu aro lokacin Kirsimeti. Na yarda. Da yake ba a taɓa masa ciki ba, kowane mai hannun dama yana iya rungumarsa ya kaɗa. Wanda ya zo ɗauka ya gwada shi a zaure, magidanci ne mai ladabi, kuma ya iya, ba ɗingishi ko kaɗan, ruwan randa ma ya motsa. Ina daga madafa ina ji. Sai dai shi babbar tsirkiyar tana kusa da shi, yana taɓa ta ba wahala, kamar mai ɗaukar gishiri a gefen murhu. Na maigidana sai ya miƙa ya kamo ta daga nesa, tana zuwa da wani nauyi, da ɗan gurnani a farkonta. Wannan gurnanin nake nema ban ji ba. Da na fito na tarar mutumin yana tsaye ta kafaɗar da ɓera ya ci. Ɗaya kafaɗar, wadda gumin maigidana ya mai da baƙa tana sheƙi, ba kowa a wajenta.

Duk shekara suna ɗauka suna dawo da shi lafiya, in ƙwanƙwasa gefen nan da gefen can kafin in sallame su. Duk zuwan kafinta kuma sai na tambaye shi ko ya ji labarin wani bahago mai kiɗa, ko a Kaduna ne, ya zo ya tsaya mini ta wancan gefen ko na la’asar ɗaya. Yakan ce, “Mama, ina nema.”

Yarana suna faɗa wai in daina daka, ga inji, ga ciwon baya. Ina jin su. Amma wani lokaci bayan la’asar nakan yaye zanen, in bar ƙofar zaure a buɗe, in jawo turmi kusa da ita. In na sauke taɓarya da ƙarfi, ƙasa ta ɗauka, babbar tsirkiyar takan amsa kaɗan, can ƙasa-ƙasa, sai mai kunne. Sai in ɗan jinkirta hannu in bar ta ta gama, sannan in sake bugawa.